Na baro kogi na faɗa ruwan gishiri

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni Bahaushe ne haifaffen Sudan, masunci ɗan masunci. Kakanninmu suna cikin mutanen da suka taso daga ƙasar Hausa bayan yaƙin Burmi na 1903 da niyyar gabas, wasu suka zauna a Maiurno kusa da Sinnar, wasu suka ci gaba da bin kogi har Rusairis, to namu gidan yana cikin na biyun nan. Abinda yasa nake rubuta wannan shine na san irina suna da yawa yanzu, mutanen da aka taso daga gidajensu suna zaune a garin da ba nasu ba, hannu rungume, zuciya a cushe, mutum yana ji kaman shikenan tashi ta ƙare. Nima na zauna a wannan halin, kuma ina so in faɗi yadda Allah ya fitar da ni.

Tun ban kai shekara goma ba Baba yake ɗaukarmu ni da Yaya cikin kwale-kwale. Ni ke kwashe ruwa da gwangwani, Yaya na riƙe da filafili, Baba na gaba yana duba mamari. A nan na koyi ɗaurin ƙugiya da ɗinkin koma in ta yage da jifan birgi, na san inda giwan ruwa ke kwanciya, na san yadda ake riƙe kurungu ƙayarsa bata soke ka ba. Inna da matan gida kuma sune da banda, tarwaɗa da karfasa suna kan wuta dare da rana, har rigar da nake zuwa makarantar allo da ita ƙamshin hayaƙin take yi. Dam ɗin Rusairis tun 1966 yake nan, da shi muka tashi, da aka ƙara masa tsawo aka gama a 2013 ruwa ya cinye tsohon ƙauyenmu aka mayar da mu sababbin garuruwan nan masu lamba. Mun ji zafin abin amma dai ruwa yana nan kifi yana nan, mukace alhamdulillah. Bayan nan da 'yan shekaru Baba ya rasu, Yaya ya zama shine uba, shi ya min aure, jirgi ɗaya muke shiga, kuɗi ɗaya muke rabawa, ban taɓa sanin wani abu wai nawa ni kaɗai ba.

Sai ga watan Yuli na 2022. Ba zan tsaya faɗin wa ya fara wa ya rama ba, duk mai bin labarai ya ji rikicin ƙabilanci na jiharmu ta Nilul Azraƙ, mutum sama da 100 suka mutu cikin 'yan kwanaki, a Oktoba kuma aka sake wanda ya fi shi muni a Wad al-Mahi. Abinda ya same ni dai shine Yaya ya koma bakin ruwa dan ya janye jirginmu ya ɓoye, yace min kai ka tsaya da Inna da yara, yanzu zan dawo. Sai washegari aka samo shi. Jirgin an ƙone, komar an ƙone, rumfar banda ta zama toka.

Muka kwashi Inna da matata da matar Yaya da yara muka nufi Sinnar, muka zauna a wata makaranta da ɗaruruwan mutane. Wallahi ba yunwa ce ta fi damuna a wurin ba, layi ne. Ni da na saba in ciyar da gida in ba maƙwabta, sai gani da kwano a hannu ina jiran a kira lamba. Bacci ya ƙaurace min. Kogi yana nan kusa, mutanenmu na Maiurno har sun min tayin in shiga jirginsu, na kasa, ko gadar da ke kan ruwan ban so in bi. Kuma daga ranar da aka binne Yaya kifi ya fita raina gaba ɗaya, in aka dafa shi a kusa tashi nake. Inna ta lura, ran nan ta kira ni tace, kai fa yanzu kaine babba, in zaman nan zai kashe ka to tashi ka nema a wani wuri, mu muna hannun Allah. Maganar nan ce ta tashe ni. Na kama musu ɗaki a wajen 'yan uwa, farkon 2023 na hau mota, Madani, Gadarif, Kasala, Haya, Sinkat, muka gangara duwatsun nan sai ga ruwa shuɗi ba iyaka, tekun Bahar Maliya. Na daɗe ina kallonsa ta taga, nace a raina wannan ne ruwan da kakanninmu suka taso tun daga Sakkwato dan su tsallaka.

A Bur Sudan dako na fara a kasuwar kifi ta Sigala, ɗaukar ƙanƙara daga mota zuwa jirgi, ɗaukar kwando daga jirgi zuwa sikeli. Ban daɗe ba yaƙi ya ɓarke a Hartum ranar 15 ga Afrilu cikin azumi, gari ya cika maƙil, mutane na kwana a bakin tashar jirgin ruwa suna jiran masu kai su Jidda, har ɗalibai 'yan Kano da Katsina na haɗu da su suna jiran jirgin sama ya mayar da su Najeriya, muka yi ta Hausa kaman mun san juna. Komai ya yi tsada, haya, ruwan sha, uwa uba man jirgi. Masu dako suka fi kaya yawa.

Wata rana da yamma ina zaune na ga wani yaro yana fama da ɗaurin ƙugiya yana ta kwancewa, hannuna ne kawai ya miƙa na karɓa na ɗaura masa. Ashe wani dattijo ɗan ƙabilar Beja yana kallo. Ya ɗauki ƙugiyar ya ja da ƙarfi ya duba ƙullin, yace ɗana kai ɗan ina ne, nace Rusairis. Yace ɗan kogi kenan, kana son aiki? Na yi shiru dan gaskiya zuciyata bata so, amma na tuna kwana nawa ban aika ma Inna komai ba. Nace ina so Rayyis, haka ake kiran shugaban jirgi.

Jirginsa sambuk ne na katako, tsoho, da injin dizal a ciki, kuma yana da shira, ƙaton zanen nan mai kusurwa uku da iska ke bugawa ya tura jirgi. Yawancin matasa sun watsar da shira tun da inji ya zo, shi kam bai taɓa cire itacen nasa ba, da mai ya yi wuya sai ya zama shine mai riba. A gaɓar nan iska yawanci daga arewa take busowa, in zaka kudu sai ka kashe inji ka buɗe zane ta kai ka kyauta, mai sai a dawowa.

Toh a nan na gane duk abinda na sani na kogi rabi ne. Farko dai jiri da amai suka sa ni gaba har jikina ya saba. Sannan ruwan kansa, gishirinsa ya kai wajen giram 40 a lita ɗaya, ya fi na yawancin tekuna dan ba kogin da ke zuba a cikinsa ga rana tana ƙafar da shi, ƙaramin ƙwarzane a hannu sai ya zama gyambo. Ga sha'ab, duwatsun murjani da ke kwance ƙarƙashin ruwa suna jiran cikin jirgi. Rayyis ya tsayar da ni a gaban jirgi yace ka koyi kala, shuɗi mai duhu zurfi ne wuce, kore ka rage gudu, in ka ga ruwan ƙasa-ƙasa ka yi ihu. Kuma kalar bata ganuwa sai rana ta ɗaga tana bayanka, shi yasa da la'asar ta yi duk inda muke sai mun nemi marsa, wato lungun ruwa a gaɓa da jirgi ke fakewa, ko bayan wani sha'ab mun saki anka, ba mai tafiyar dare a cikin duwatsun nan. Na riƙe matambayi baya ɓata, komai tambaya nake, kuma dattijon nan bai taɓa gajiya da ni ba, Allah ya saka masa.

Kifin kasuwa daban kifin ci daban. Na kasuwa shine najil, ja ne da ɗigo-ɗigo kaman an yayyafa masa shuni, shi ake fitarwa Saudiyya da Masar, da sha'ur da gushar, waɗannan a tsaye ake kama su a bakin sha'ab da zaren hannu da dalma, suna fitowa sai cikin ƙanƙara, ba mai taɓa su. Na ci kuma a kan tafiya ake samunsa. Jirgi na tafiya da iska sai a saki dogon zare a baya, a bakinsa waya kamu ɗaya ko biyu saboda haƙora, sai ƙugiya babba da aka lulluɓe da farin tsumma ko leda da aka yayyanka. Ba tsutsa ba komai, gudun jirgin ne ke sa tsumman rawa a ruwa kifi ya ɗauka ɗan uwansa ne ƙarami ke gudu. Ana ɗaure zaren da robar tsohon tiyub a jikin jirgi, in kifi ya fizga robar ce ke shanye ƙarfin, kuma doka ta farko da aka faɗa min kar ka kuskura ka naɗe zare a hannunka, ɗaya daga cikin abokan aikinmu yatsarsa guntuwa ce ta dalilin haka. Da sassafe da gab da faɗuwar rana suka fi ci. In ka hango tsuntsaye suna faɗawa ruwa wuri ɗaya to tuna ce ta koro ƙananan kifi sama, sai a karkata jirgi a bi ta gefensu. Dirak ake samu, da bayad, da agam mai dogon baki, da tuna. Abinda ban faɗa ma kowa ba, ni ina kamawa ina gyarawa ina ma dafa musu, amma in aka zauna ci sai in ɗauki gurasata da shayi in koma gefe. Sun gani, ba wanda yace min uffan.

A watan Disamba na 2023 muka yi nisa kudu fiye da yadda muka saba, muka wuce Sawakin muka shiga tsibiran nan har wajen Talla Talla, dan kusa da gari kifi ya yi ƙaranci. Allah ya bamu najil mai kyau, akwatin ƙanƙara ya kusa cika, kowa na lissafin rabonsa. Ranar da zamu juyo aka tada inji, ya yi ƙara sau ɗaya mara daɗi ya mutu. Aka buɗe aka duba, ƙarfe ne ya karye a ciki, ba abinda za a gyara a kan ruwa. Waya ba sabis. Jiragen da da ake haɗuwa da su duk suna ɗaure a gari ba mai. Iskar da ta kawo mu kyauta kuma yanzu ita ce a gabanmu tana busowa da ƙarfinta na hunturu. Ruwa ya ƙare wa ɗan kada.

Rayyis bai ɗaga murya ba. Ya sa aka fito da duk abinda ke cikin jirgi aka jera a gabansa, ragowar fulawa, shinkafa kaɗan, albasa, dabino, sukari, bunnun gahawa, buhun gishiri da bai kai rabi ba, da jarkokin ruwa. Ya daɗe yana kallon jarkokin. Yace abinci baya bani tsoro, muna zaune a kansa, wannan ne abin tsoro. Daga ranar ya ɗaure kofi ɗaya da igiya a jikin jarka, shi ke zubawa da hannunsa, safe da rana da dare, kuma nasa kofin baya cika kaman namu, na gani da idona. Alwala da ruwan teku, dama hadisi ya zo a kan masu shiga teku da ruwa kaɗan, cewa ruwansa mai tsarkakewa ne mushensa halal ne, tun ina yaro na ji shi a makaranta amma sai a nan na ga mutanen da aka yi maganar dominsu. Shinkafa ma ana surka ruwan dafa ta da ɗan na teku a madadin gishiri. Sha kam ko kusa, yace wanda ya sha ƙishinsa zai ninka kuma hankalinsa zai gushe.

Tafiya gaba da iska da shira wahala ce da sai wanda ya yi. Baka iya nufar inda kake so kai tsaye, sai ka yanka gabas ka juyo ka yanka yamma, kowane juyi sai an sassauta igiya an kewayo da zanen da doguwar sandarsa ɗaya gefen, mu duka muna ja hannu na tsagewa, ga sha'ab hagu da dama. Wata rana tun hantsi har la'asar muna fama, da muka saki anka muna hango tsibirin da muka kwana jiya. Wata rana iskar ta fi ƙarfin zanen sai dai mu kwanta a bayan dutse mu jira.

Fulawa ta ƙare, shinkafa ta bi ta. Ni kuma dabino biyu uku da shayi nake ta lallaɓawa da su, har na fara ganin duhu-duhu in na miƙe. Ran nan da asuba muna fitowa daga marsa ni ke kula da zaren baya, sai robar ta miƙe zaren ya ɗau kuka. Na kama na fara ja hannu bayan hannu, yana fizga ina sakar masa kaɗan ina sake ja, Rayyis na cewa yi sauri kafin girish ya riga ka, dan sau da yawa kan kifin kawai muke fitarwa, girish ɗin, manyan kifayen nan masu cin nama, sun gutsure sauran. Da ya iso gefen jirgi sai ga dirak ya kai tsawon hannuna biyu a buɗe, bayansa shuɗi cikinsa fari da zane-zane, aka sa ƙugiyar sanda aka ɗago shi. Nan take na buga masa a ka, na yanka ƙarƙashin kunnuwansa jini ya tsiyaye, na farke ciki na wanke da ruwan teku. Muna da rabin duro da aka cika da yashi, a kansa ake hura gawayi, aka yanka shi gunduwa-gunduwa aka ɗora, kitsensa na ɗiga yana tashi da wuta.

Na juya zan koma gefena sai Rayyis ya riƙo rigata. Ya ɗauki gunduwa ɗaya ya ɓare fatar da yatsunsa ya miƙo min, yace ɗana, na daɗe ina kallonka ban tambaye ka ba, yanzu ma ba tambayarka zan yi ba. Wanda ya tafi ba yunwarka yake buƙata ba, addu'arka yake buƙata, mu kuma hannunka muke buƙata a kan igiyar nan. Ci.

Na karɓa na sa a baki. Wallahi ban san lokacin da kuka ya ƙwace min ba, irin kukan da ban yi ba ranar jana'iza dan a ranar ni ke riƙe da Inna. Ina taunawa ina kuka, na basu labarin Yaya tun daga farko, yadda yake cire min ƙaya a kifi ina yaro, yadda yace yanzu zan dawo. Ba wanda ya katse ni. Da na gama Rayyis ya ɗaga hannu muka yi masa fatiha mu duka a tsakiyar ruwa, mutanen da basu taɓa ganinsa ba, yarensu daban nawa daban. Na cinye gunduwar na ƙara wata. A daren na yi baccin da rabona da irinsa tun a gida.

Amma kifi zalla shima da nasa sharaɗin, kuma ina so masu shiga ruwa su ji wannan da kyau. Yana ƙara ƙishi, in ruwan sha ya yi ƙasa dole ka rage cinsa ko da yana gabanka tuli. Ga zafi, ko da hunturu ne kifi baya jira. Ƙaramin cikinmu, yaro ne mai ƙoƙari, ya ci ragowar tuna da ta wuni a inuwar akwati ba a farke ta da wuri ba, ya gasa ta sosai ma, amma ba a jima ba fuskarsa da ƙirjinsa suka yi jajir, kai na sara, zuciya na bugawa, ga gudawa, mu da muke tattalin kowane kofi. Tuna da danginta in suka sha zafi akwai dafin da ke taruwa a naman wanda wuta bata kashe shi, wari ma ba lallai ka ji ba. Rayyis ya ba yaron nasa rabon ruwan, washegari ya warware. Akwai kuma waɗanda ko an kama sai a mayar, talibamban na teku dafinsa kisa ne, shi kam na san ɗan uwansa tun a kogi, sannan agam in ya cika girma Rayyis baya yarda a ci. Akwai wani mai kama da dutse da ke kwanciya a ruwa mara zurfi, shi yasa ba a sauka ba takalmi, in ƙayar irinsu ta soki mutum ruwan zafi ake tsoma wurin.

Ana cikin haka ƙanƙara ta narke. Najil ɗin da muka sha wuya a kansa, kuɗin hayar wani, kuɗin maganin uwar wani, gashi zai lalace muna kallo. Su abinda suka sani shine a tsaga a zuba gishiri a shanya, gishirin kuma ba zai kai ko'ina ba, ga shi mai gishiri ba zai ciwu ba a halin ƙishin da muke ciki. Nace Rayyis ka sauke ni a inda akwai itace. Ya kalle ni yace me zaka yi, nace abinda uwata take yi. Muka shiga wata marsa mai bishiyoyin shura, masu fitowa a bakin ruwan gishiri, muka tsinto busassun rassa da guntayen katako da ruwa ya kawo, na haƙa rami a yashi na kafa sanduna na shimfiɗa wayar da muke da ita da ɗanyun rassa a sama. Na nuna musu yadda ake tsagawa, manya a yanka, ƙanana a lanƙwasa. Wutar banda ba mai harshe ake so ba, ƙasa-ƙasa ake so da hayaƙi, kana juyawa kana matsar da na gefe tsakiya, in ka yi gaggawa waje ya ƙone ciki ɗanye, kwana biyu ya yi tsutsa. Na kwana a bakin ramin nan ina juyi, aka rufe da tsohon buhu, aka sake zubi na biyu da na uku. Hayaƙin na shiga idona ina jin kaman Inna na bayana tana cewa rage wutar nan. Da safe Rayyis ya ɓalli ɗaya ya duba cikinsa ya ɗanɗana, ya kira sauran yace ku zo ku koya wajen ɗan kogi. Tun da na baro gida ranar ce ta farko da na ji ni mutum ne mai amfani. A wannan marsar ma na jefa wata tsohuwar birgi da na samu a ƙasan jirgi na ɗinke, ta kawo ƙananan kifi da muka yi ta sawa a ƙugiya.

Ruwan sha ya rage jarka ɗaya ba cikakkiya ba lokacin da hadari ya haɗo. A gaɓar nan da hunturu ake ruwan sama, saɓanin namu na damina. Muka sauke shira muka shimfiɗa, na farko aka bari ya wanke gishirin zanen ya zube, sannan muka lotsa tsakiyarsa muka tara. Bai daɗe ba amma mun samu abinda ya kai mu. Bayan ruwan iskar ta ɗan karkata, Rayyis yace yau ko ba yau ba, muka yi tafiya mafi tsawo tun lalacewar inji, kashegari da hantsi muka hango farin kangon gine-ginen Sawakin.

Murnata bata je ko'ina ba. Waya na kama sabis saƙonni suka yi ta shigowa, yaƙi ya ci Madani tun muna kan ruwa, mutane na ta gudu zuwa Sinnar, Sinnar ɗin ma kowa a tsorace, hanyar da na biyo ta toshe. Na kira matata bata shiga, na sake, na sake, ƙafafuna suka kasa ɗaukata na zauna a ƙasa a bakin tasha. Sai dare ta same ni da wayar maƙwabta, tace lafiyarmu ƙalau amma ka fitar da mu. Da wane kuɗi? Najil ɗin da ya zama banda dillalai ko kallonsa basu yi ba, su ɗanye suke saya. Rayyis yace tunda kai ka yi shi kai ka san masu cinsa. Na ɗauki buhu na shiga unguwannin da mutanenmu suke a Bur Sudan, da makarantun da 'yan gudun hijira suka cika, mutanen da ba wuta ba firji, kifin da zai yi sati a ɗaki bai lalace ba shine abin nemansu. Wata tsohuwa ta shinshina tace ɗan nan waye ya maka wannan bandar, nace ni ne Inna, tace Allah ya yi maka albarka. Kafin kwana uku buhunan sun ƙare. Bai kai kuɗin ɗanye ba ko kusa, amma da aka zo rabo abokan aikina suka haɗa baki suka ƙara min daga nasu. Da wannan kuɗin iyalina suka biyo ta Dindir zuwa Gadarif a bayan babbar mota, daga nan Kasala, har suka iso.

Yanzu muna Sawakin, ɗaki biyu na katako da langa-langa, ni da Inna da matata da matar Yaya da yaranmu duka. Ba daɗi ake ji ba, kar wani ya ɗauka. Da dam ɗin Arba'at mai ba Bur Sudan ruwa ya fashe a Agustan 2024 ruwan sha ya yi tsadar da ban taɓa gani ba a yankin nan, a Mayun 2025 kuma da aka kai hari ma'ajiyar mai a Bur Sudan muka koma shira zalla na wani lokaci. Har yanzu akwai daren da nake farkawa in kasa komawa. Rusairis ban koma ba, Inna na tambaya ina ce mata sai ƙura ta lafa. Amma a bayan ɗakinmu akwai rumfar banda, Inna ke zaune a kan kujera tana ba da umarni, matan biyu na juyi, duk kifin da dillali ya raina nan yake zuwa, har daga Kasala ana aiko saye. Babban ɗan Yaya ya fara bina ruwa in ba makaranta, Rayyis ya tsayar da shi a gaban jirgi yana koyon kala, ni kuma na hana shi taɓa zaren baya sai hannunsa ya yi ƙwari.

Na ba wani kafinta kuɗin somin huri, ƙaramin jirgi da zai ɗauki mutum biyu da shira ɗinsa, ya riga ya kafa ƙashin bayan. Katako na ta tashi, duk wata sai lissafin ya canza, amma ina kai masa abinda ya samu, kuma Rayyis yace zanen shi zai yanka min da hannunsa. Wanda ya karanta ya sa Yayana a addu'a, da duk waɗanda suka rasu a rikicin nan ta kowane ɓangare.